Rabin Bahago

A kamfaninmu injin ƙyanƙyasar ƙwai muke ƙerawa. Akwati ne na ƙarfe mai ƙofar gilashi, a ciki akwai tiren jera ƙwai, da hita, da fanka, da wani ɗan ma'aunin zafi da bai fi ƙwayar wake ba. Ni aikina gwaji, duk injin da zai fita sai ya bi ta hannuna. Teburina yana fuskantar na wani dattijo da kowa ke kira Kawu, daga mai gadi har mai kamfani. Shi ke rubuta manhajar da ke gaya wa injin yaushe zai hura zafi, yaushe zai juya ƙwai, yaushe zai yi ƙara ya kira mai kaji. Ban karanta aikinsa a makaranta ba, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, na daɗe a gabansa har ina gane inda ya dosa.

Kawu dogo ne siriri, mai saurin tafiya, mai saurin cin abinci, mai saurin fushi. Ko gaisuwa ba ya bari ta nuna, kana cikin "ina kwana" shi ya kai "sai an jima". Matarsa ta rasu tun kafin in fara aiki a nan. 'Ya'yansa biyu suna wata ƙasa, sukan kira shi ranar hutu su tambayi hawan jininsa. Sau ɗaya na taɓa shiga gidansa, lokacin da zazzaɓi ya kayar da shi na kai masa magani. Ciki da falo ne a saman wani shagon fenti, warin fentin ya kama har labule. Kujera ɗaya ce a falon, sai rediyo, sai kwalaye cike da tsofaffin allunan lantarki a bayan ƙofa. Na waiwaya ina neman wurin zama, ya jawo mini kwali da ƙafa.

Na ce, "Kawu, kai ba a yi maka baƙi ne?"

Ya ce, "Ga shi kin zo, kuma kin sami wurin zama."

Na yi dariya, amma da na sauko daga benen nan raina bai yi mini daɗi ba. Tausayinsa na ji, shi kuwa ba abin da ya tsana irin a tausaya masa.

Manhajar injin ba rubutu ɗaya ba ce. Fayil-fayil ne da yawa, na hita daban, na fanka daban, na allo daban, na ma'aunin zafi daban. In an gama rubutu sai a miƙa su ga kwamfaila, wato manhajar da ke haɗa su ta mayar da su abin da ƙwaƙwalwar injin za ta gane. Amma kafin kwamfaila ta sa musu ido, akwai wani mai share fage da ke fara bi ta kansu da almakashi. Mai rubutu yana iya ce masa: idan an ayyana suna kaza, bar wannan sashe ka yanke wancan, in ba haka ba, yanke wannan ka bar wancan. Abin da ya yanke, kwamfaila ba ta ma san an taɓa rubuta shi ba. Sunan da ake ayyanawa shi ake kira makro. A wani ɗan fayil guda ake ajiye shi, ana ce masa heda, kuma kowane fayil yana da layi ɗaya a samansa da ke jawo masa hedar, don ya ji abin da aka tsayar.

A manhajarmu makro ɗaya ne ke mulki, sunansa SAURI. Duk fayil ɗin da ka buɗe a rabe yake gida biyu. Idan an ayyana SAURI, ga rubutun Kawu. In ba haka ba, ga rubutun Bahago.

Ban taɓa ganin Bahago ba. Labarinsa tsintarsa na yi, wani a bakin mai gadi, wani a bakin Kawu ranar da ya tashi da daɗin rai. Tare suka yi makaranta, ɗaki ɗaya, gado sama da ƙasa. Kawu ne abokin ango ranar auren Bahago. Su biyu suka fara rubuta manhajar, lokacin da kamfanin bai wuce shago ɗaya da injin walda ba. Bahago mutum ne da sai ya auna abu ya sake aunawa kafin ya taɓa shi, don haka ba su taɓa yarda da juna a kan layi ɗaya ba. Da musu ya ishe su sai suka yi sulhu irin na masu sana'arsu: kowa ya rubuta nasa a cikin fayil ɗaya, makro ya raba gardama. Bahago ne ya raɗa wa makron suna don tsokana, yana cewa sauri ya haifi nawa. Kawu kuma ya ce to ita nawar me ta taɓa haifa.

Haka suka yi shekaru, wani zubin injuna ya fita da rubutun wannan, wani ya fita da na wancan. Da kamfani ya girma sai mai kamfani ya ce shi fa ya gaji. In mai kaji ya kawo ƙorafi ba a san rubutun wa za a tuhuma ba, a zaɓi ɗaya. Rigimar ta fi zafi a kan fayil ɗin ma'aunin zafi. A gona, inda janareta ke wasa da wuta, ma'aunin yakan shara ƙarya, ya ce zafi ya faɗi alhali bai faɗi ba. Kawu ya ce in ma'auni ya ce sanyi a kunna hita nan take, ƙwai ba ya jiran shawara. Bahago ya ce a dakata a sake tambayarsa, in ya maimaita sannan a yarda, in ba haka ba wata rana za a dafa wa mutane ƙwai a cikin akwati. Mai kamfani ya bi bayan Kawu, saboda rubutunsa ya fi gajarta, zai shiga ƙwaƙwalwa mai araha.

Da a nan aka tsaya da abin ya zo da sauƙi. Amma nasara ta hau wa Kawu kai. A gaban mai kamfani da masu walda ya dubi Bahago ya ce, "Tun muna makaranta nake jan ka kamar akuya. Na gaji." Harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma wannan cizon ya yi zurfi. Bahago ya koma kan aikinsa. Ya ƙarasa makon, ya kwashe kayan teburinsa, ya tafi. Daga baya aka ji yana koyarwa a wata makarantar sana'a.

Aka ayyana SAURI a heda, aka bar shi a ayyane. Daga ranar rabin Bahago ya zama rubutun da almakashi ke zubarwa a duk injin da aka sayar. Kowane mai hankali goge shi zai yi ya huta. Kawu bai goge ba, bai kuma bar shi ya tsufa ba.

Duk gyaran da zai yi, sau biyu yake yi. Ya rubuta nasa, gajere, cikin 'yan mintuna. Sannan ya sauka ƙarƙashin "in ba haka ba" ya rubuta irin yadda Bahago zai rubuta, da dogayen sunaye, da duba wannan, da sake duba wancan. Wannan rabin ya fi cin masa lokaci, don ba halinsa ba ne, sai ya ari halin wani. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa. "Na san abin da za ka ce. To ga shi, na sa maka. Ka ji daɗi?" Wani lokaci ya yi tsaki, wani lokaci ya yi 'yar dariya shi kaɗai. In ya gama sai ya cire SAURI daga heda, ya haɗa manhajar Bahago, ya loda ta a wani tsohon inji da ke lungun ɗakin, ya mayar da SAURI wurinsa. Sannan ya ɗago kai ya ce, "'Yata, in kin sami sarari ki duba mana na lungu."

Sau da yawa na yi masa ƙorafi. Ga injunan masu saye a jere suna jirana, shi kuma yana so in gwada wanda ko kyauta ba mai karɓa. Amma ina dubawa. In na ce na lungu lafiya lau, sai ya ce, "Hm, ya tsira yau," fuskarsa a sake. In wani mai kaji ya bugo waya yana yabon injinmu, cewa ko janareta ya yi haukansa ƙwai ba ya lalacewa, Kawu yakan juya wajen lungun ya ce, "Ka dai ji da kunnenka. Wa aka dafa wa ƙwai?"

Fayil ɗaya ne kawai ban taɓa ganinsa a kan allonsa ba, na ma'aunin zafi. Ma'aunin bai canza ba, ba a taɓa kawo ƙorafi a kansa ba, kuma in wani ya ambace shi sai Kawu ya ce abin da ke aiki ba a tsokanarsa. Ni dai na san ba wannan ne dalilin ba. A nan aka yi faɗan, ba ya son ya sake ganin wurin.

Ni ba na iya ganin abu in yi shiru. Na sha ce masa, "Kawu, mutumin nan fa yana nan da ransa. Mota ɗaya za ka shiga ta ajiye ka a ƙofar gidansa. Je ka yi musun nan da shi ido da ido, ka bar yi da akwati."

Sai ya ce, "Shi ya tafi. Ya san hanyar dawowa."

Na ce, "Kai ma ka san abin da ka faɗa masa."

Ya sa gilashinsa ya koma kan allo. In taurin kai sana'a ce, da Kawu ya daɗe da buɗe reshe.

Wata safiya mai kawo mana wayoyi da kusoshi ya shigo da kaya, yana sauke kwali yake cewa ashe tsohon injiniyanmu Bahago ya rasu daren jiya, yanzu za a yi jana'iza. Kawu ya miƙe ya fita ko hula bai ɗauka ba. Mai gadi, wanda shi ma ya je, ya ce a can bayan jama'a ya tsaya, kuma da aka watse bai shiga cikin gidan ba. Washegari ya zo aiki a kan lokaci. Ya yi gyaransa, ya yi na Bahago, ya loda na lungu. Ranar ban jira ya roƙe ni ba, na tashi na duba.

Bayan kamar shekara biyu aka kawo sabon manaja. Ba mugu ba ne, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, gaskiya ya faɗa. Za a koma sabuwar ƙwaƙwalwar inji, an ɗauki sababbin ma'aikata, kuma duk wanda ya buɗe fayil sai ya ɓata tsakanin rabi biyu. Ɗayansu ya shafe kwanaki yana gyara a ɓangaren Bahago yana mamakin me ya sa inji bai canza hali ba. Manaja ya zo har teburin Kawu, ya tsaya da ladabi.

Ya ce, "Kawu, rabin rubutun nan ba inji ɗaya a duniya da ke amfani da shi. In ka yi ritaya wa zai iya ɗaukar wannan kaya? Ina roƙonka kafin ƙarshen wata a cire shi, a cire makron ma gaba ɗaya. In zai yi maka nauyi, in sa wani."

Kawu ya ce, "Kada kowa ya taɓa. Ni zan yi."

Mutumin da ke gama aikin yini kafin azahar, sai ga shi fayil ɗaya yana cinye masa wuni. Ya buɗe, ya karanta rabin Bahago daga sama har ƙasa, sannan ya shafe. Ya daina maganar ƙasa-ƙasa. Ya daina fita cin abinci, sai in sayo masa burodi in haɗa masa shayi, ya sha rabi ya manta da saura. Na ji haushin manaja duk da na san yana da gaskiya, na ji haushin Kawu, na ji haushin mamacin ma da ban taɓa gani ba. Fayil ɗin fanka ya tafi, na allo ya tafi, na hita ya tafi. Bayan kowanne yakan haɗa manhajar, ta haɗu lafiya, in gwada, inji ya yi abin da ya saba.

Na ma'aunin zafi ya bar wa ranar ƙarshe. Da hantsi ya buɗe shi, karo na farko cikin kusan shekara ashirin. Bai tsaya karantawa ba wannan karon. Ya shafe rabin Bahago, ya cire "idan" da "in ba haka ba", ya bar nasa shi kaɗai, ya ba kwamfaila.

Kwamfaila ta ƙi. Jan rubutu ya fito a ƙasan allo.

Ya matso da fuska. Ya ce, "Wai rubutuna yana kiran wani aiki da babu shi." Ya sake karantawa, sannan ya ce, "Ai ni na goge aikin nan da hannuna, tun kafin ki zo. Da rubutun nan yana shiga, da tun ranar ta yi ihu."

Na zagayo na tsaya a bayansa. Ya hau can saman fayil ɗin. Ko ni na ga abin da babu. Layin da ke jawo heda, wanda ke saman kowane fayil, ba ya nan. Fayil ɗin bai taɓa jin an ayyana SAURI ba. Mai almakashi yakan zo, ya tambaya ko an ayyana, ya ji shiru, sai ya yanke na Kawu ya bar na Bahago, kuma ba ya gaya wa kowa, don a wurinsa ba laifi aka yi ba. Duk injin da ya fita daga kamfanin nan tun ranar faɗan, in ma'auni ya yi ƙarya, dakatawa yake ya sake tambaya. A ɗakin gwaji wutarmu ba ta rawa, ba ta yadda za a gane. Duk yabon da masu kaji suka yi, wanda Kawu ke juyawa ya yi wa lungu gori da shi, na Bahago ne.

Na ce, "Ko mantawa aka yi tun farko?"

Ya ce, "Ni na rubuta layin nan. Layi ba ya tafiya da ƙafarsa."

Ya danna ya dawo da abin da ya shafe. Sannan ya zaɓi nasa rabin ya goge, ya bar na Bahago ba tare da wani sharaɗi a kansa ba. Manhaja ta haɗu. Ya je ya gaya wa manaja a tsaye, cikin jimla biyu, manaja ya ce abin da ke gonaki shi za a bari. Da ya dawo bai zauna ba. Ya ce, "'Yata, raka ni wani wuri. Ba na son in je ni kaɗai."

Ashe ya san gidan sarai, ko sau ɗaya bai yi wa direban tasi kuskuren kwana ba. Ƙaramin gida ne mai ƙofar ƙarfe, da igiyar shanya a tsakar gida. Muka tarar da matar Bahago tana guga a falo, tsohuwa mai jiki, gilashi a kan hanci. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta kafa dutsen gugar a tsaye.

Ta ce, "Abokin ango."

Ya ce, "Amarya."

Ta ba mu wurin zama, ta kawo ruwa. Suka gaisa irin gaisuwar mutanen da ke tsoron abin da zai biyo baya. Kawu ya fara bayani, yana ta tuntuɓe, yana cewa akwai wani fayil, akwai wani layi a samansa. Bai kai ƙarshe ba ta ɗaga masa hannu.

Ta ce, "Abin da ya cire ɗin nan? Sai yau ka gani?"

Kawu ya ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Ni ban san fayil ba, ban san layi ba. Ranar da ya baro aikin ya shigo yana dariya. Ya ce ya yi maka wani abu da zai kawo ka gidan nan kafin mako ya zagayo, kana kumfar baki. Ya ce kai ba ka iya barin abu ya kwana. Za ka zo ka zazzage masa, shi ya ba ka haƙuri a kan layin, kai ka ba shi a kan maganar da ka faɗa, ya koma aiki. Watanni ya yi bai nemi wani aikin ba. Duk wanda ya buga ƙofar nan da ƙarfi, shi ke rigan yara zuwa buɗewa."

Kawu yana riƙe da kofin ruwa, bai sha ba, bai ajiye ba.

Ta ce, "Daga baya ya daina dariyar. Ya ce ai ka gani, ka mayar da layinka ka yi shiru. Ya ce shi bai ma kai matsayin da za ka yi masa faɗa ba. Wannan ta fi maganar akuyar yi masa ciwo, har ya koma ga Allah yana faɗi."

Kawu ya ce, "Ban gani ba. Ban buɗe ba, Amarya. Ban taɓa buɗewa ba. Nasa ne a kowane inji."

Ta cire gilashinta ta goge da bakin mayafi. Ni kam hawaye ya riga ya zubo mini, ban kuma ɓoye ba. Ana jin dutsen guga yana ƙas-ƙas yana hucewa.

Can Kawu ya ajiye kofin. Ya dubi ƙasa, ya ce a hankali, "Wane irin injiniya ne zai cire layi bai gaya wa kowa ba? Da an sami matsala fa? Wannan ai rashin hankali ne. Wannan ai..."

Ta ce, "Ɗaga murya, abokin ango. Ba haka ya ce za ka yi ba."

Ya buɗe baki. Muka jira shi, ni da ita, amma muryar ba ta fito ba.